Ƙarfe a Ƙafar Bidi

Bayan Layin Dogo,
Sabon Gari, Zariya.
9 ga Agusta.

Zuwa ga maigidana, Baban Stephanie,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya. Yaya aiki, yaya sauron bakin tafki, yaya gwiwar nan da kake ɓoye wa likitan bataliya? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Tunda waya ba ta shiga inda aka kai ku, na koma biro da takarda kamar lokacin da kake nemana. Ogbonna, direban motar kayan abincinku, ya ce in riƙa ajiyewa a shagon matarsa a kasuwa, duk zuwan da ya yi zai tafi da ita.

Ba gaisuwa kaɗai ta sa ni rubutu ba. Maganar 'yarka ce da dokinka, su biyun da ka bar mini ka tafi, kowanne da taurin kai irin naka.

Ƙungiyar mahayan nan ta Samaru ta sa gasar tsallake shinge a ƙarshen Satumba, Stephanie kuma ta ba da sunanta da na dokinka Bidi. Ban hana ba. Yarinyar da tun tana firamare kake jera mata durom da gora a bayan gida, yau ga ta a jami'a, ni wace ce da zan ce kar ta yi tsalle? Damuwata ƙafar Bidi ce. Malam Umar Farouk mai koyar da su ya ce duk dawakan da za su shiga an buga musu takalmin ƙarfe, wasu har da 'yan haƙora a ƙasa don kama ciyawa, saboda filin ciyawa ne kuma ruwa bai ɗauke ba. Bai ce dole ba ne. Shawara ce, in ji shi. Amma da ya zo karɓar ɗinkin matarsa ya sake maimaita mini, ya kuma rage murya.

'Yarka ta ce atafau. Ta karanto masa karatunka kaf: wai Allah ya riga ya yi wa doki takalmi, wai kofato yana jin ƙasa yadda tafin hannu ke jin abin da ya riƙe, wai dawakan ƙasar nan ba su san ƙusa ba kuma ba su fasa gudu ba. Har da ɗaga yatsa yadda kake yi. Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Ni na san abin da ita ba ta lura da shi ba. Kofaton Bidi ba haka kawai ya yi tauri ba. Kowace safiya kai ne kake jan shi kan tsakuwar layin dogo har Dogarawa ku dawo, ka tsuguna ka goge da magagari, ka shafa man kaɗanya, ni ina ta mita cewa shayinka ya huce. Ita tana da lacca da safe. Bidi wuni yake a turke, ruwan bana kuma ya mai da bargar nan kamar fadama. Jiya na ɗaga ƙafarsa ta gaba yadda na ga kana yi. Ƙasan ya yi laushi, gefen ya fara tsagewa, ga wani wari da ban taɓa ji ba lokacin da kake gida.

Don Allah ka rubuto mata, ko layi ɗaya ne. Ta ce in ba daga bakinka ba, ƙarfe ba zai taɓa Bidi ba.

Ubangiji ya tsare mana kai. Taka har kullum,
Martina.

*

Sabon Gari,
6 ga Satumba.

Maigidana,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka. Mutanen coci suna gaishe ka, suna kuma sa ku cikin addu'a.

Ogbonna ya zo hannu rabbana. Ya ce an matsa da ku can cikin tsibirai, ya ba wani mai kwalekwale takardata, iyakar saninsa ke nan. Ban yi kuka a gabansa ba, sai da na dawo shago.

Ranar Asabar da ta wuce na rufe keken ɗinki na bi Stephanie Samaru in ga atisayensu da idona. Da na sani ban je ba. An yi ruwa da asuba, ciyawa sai ƙyalli take. Dawakan mutane suna dira kana jin ƙarfe yana cizon ƙasa. Bidi ya taso, ya tashi sama kamar ba nauyi a jikinsa, maigidana Bernard, dokin nan naka ya iya, ban taɓa musu ba. Amma da ya dira sai ƙafafunsa suka zame gaba ɗaya, ya ja layi biyu dogaye a cikin taɓo, Stephanie ta kifa a wuyansa. Ta miƙe tana dariya tana ɗago mini hannu. Malam Umar Farouk bai yi dariya ba. Ya je ya tsaya a kan layukan nan yana kallonsu, ya daɗe.

Na yi iya yina. Na sa an zuba yashi a barga. Ni da kaina, da zanina da ɗankwalina, na ja Bidi zuwa layin dogo da safe, masu shagunan fayafayai suna ta tsokanata da turancin kasuwa wai soja ya bar wa madam aikin soja. Tsokanarsu ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni, dokin da ke taka tsakuwar nan kamar tabarma yanzu ɗaɗɗaga ƙafa yake, yana neman gefen da ke da ƙasa.

Da na dawo na yi wa 'yarka magana da zafi, ka san bakina. Na ce ko a buga ƙarfe ko ta janye sunanta. Ta ƙi duka biyun. Wai ta yi maka alkawari a tasha cewa za ka dawo ka tarar da kofin gasa a kan talabijin, da Bidi yadda ka bar shi. Daga nan ta faɗi abin da ya kashe mini jiki: wai ranar da muka buga wa Bidi ƙarfe ba da izininka ba, ranar muka yarda cewa ba za ka dawo ba.

Ina ɗinka mata jar rigar hawa, maɓallai nake sawa yanzu. Tsoro nake ji, Baban Stephanie, irin wanda ban ji ba ko ranar da ka tafi.

Ka amsa mini. Matarka,
Martina.

*

Sabon Gari,
Jumma'a, 26 ga Satumba.

Maigidana,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya a duk inda kake. Ka yi haƙuri da rubutun, sauri nake yi.

Na yi wani abu da sunanka, gara ka ji daga gare ni.

Shekaranjiya Ogbonna ya sake zuwa, babu takarda, babu saƙo. Stephanie ta ji labarin zuwansa a kasuwa, ta shigo shago da gudu ko jaka ba ta ajiye ba, tana kallon hannuna. Ina kallon fuskarta, layukan nan biyu na cikin taɓo suka dawo mini. Sai na ji bakina yana cewa Ogbonna ya gan ka, kana lafiya, ba ka sami takardar rubutu ba ne, amma ka ce a gaya mata filin ciyawa ba layin dogo ba ne, a buga wa Bidi ƙarfe.

Na zaci za ta yi gardama. Ta zauna kan buhun ƙyalle ta fashe da kuka, tana cewa ashe Baba yana nan, ashe Baba yana nan. Ba ta ko tambayi Ogbonna ba. Wa zai zargi uwarsa a kan irin wannan?

Jiya muka kai shi Samaru. Akwai wani mai buga wa dawakan wasan folo takalmi da aka ɗauko daga Kaduna saboda gasar, dawakai sun yi masa layi, Bidi ne na ƙarshe, rana ta yi sanyi, mutumin kuma yana son ya kama mota. Malam Umar Farouk da na zaci zai yi murna sai ya ɓata rai. Ya ce shi tun Agusta ya yi maganarsa, dokin da bai taɓa ɗaukar ƙarfe ba yana buƙatar makonni kafin ya saba da nauyinsa, yanzu an makara. Stephanie ta ce Babanta ya fi kowa sanin Bidi.

Kofaton ya yi laushi, mutumin ya yi ta neman inda ƙusa za ta kama. A ƙafar gaba ta hagu, yana buga wata ƙusa Bidi ya zabura, ya yi wata haniniya gajeriya. Mutumin ya ce duk sabon shiga haka suke yi.

Yau da safe ta fito da shi kan kwalta. Ka san shekarun da na yi ina sauraron keken ɗinki, in allura ta fara tsallake zare kunnena ke fara sani kafin idona. Takun Bidi ba daidai yake ba. Uku suna sauka da ƙarfi, ɗaya yana sauka a hankali kamar mai neman izini. Na gaya mata. Ta ce rashin sabo ne, kuma tunda Baba ya ce a yi, ta san lafiya za a gama.

Ka ga inda na kai kaina. A da ina da tawa maganar, ko ba ta ji ba ina iya faɗa. Yanzu na ba ta taka, ba ni da abin da zan ɗora a kai. In na ce ƙarya na yi, na karɓe mata uban da na ba ta shekaranjiya, gobe kuma ta hau da wannan a zuciya.

Gobe ne gasar. Na goge mata rigar na rataye. Ka yi mana addu'a in wannan ta same ka.

Taka,
Martina.

*

Asibitin Shika,
1 ga Oktoba.

Baban Stephanie,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kai kana lafiya. Mu ba lafiya ba.

Tana da rai, bari in fara da wannan.

Bidi ya tsallake shinge na farko, ya tsallake na biyu, jama'a suna ta tafi, jar rigar nan ana hango ta daga ko'ina. Ƙarfen ya kama ciyawa, bai zame ba ko kaɗan, har na fara cewa a raina Allah ya rufa mini asiri. A babban shingen ne ya dira kan ƙafar hagu, ƙafar ta lanƙwashe kamar ba ƙashi a ciki. Stephanie ta wuce ta saman kansa ta faɗi da baya. Ba ta yi ihu ba. Ni na yi.

Likitoci suna ƙoƙari, Allah ya saka musu. Sun ce ƙashin baya ya taɓu, sai kumburi ya sauka za a san inda aka tsaya. Takalman hawanta da almakashi aka yanke su, suna nan cikin leda a ƙarƙashin kujerata. Kowace safiya likita yana yaye mayafi ya tsikari tafin ƙafarta da allura ya tambaye ta ko ta ji. Tana kallon silin ta ce a sake. Sai ya sake.

Malam Umar Farouk ya zo dubiya. Ya cire wa Bidi ƙarfen, ya ce ƙusa ɗaya ta shiga nama, ruwa baƙi ya fito daga ramin. Dokinka zai warke. Na tambaye shi, da an bar shi ba takalmi fa? Ya ce wataƙila ya zame, wataƙila ya ci kofi, Allah kaɗai ya sani. Mutumin kirki ne, ya so ya sauƙaƙa mini, bai san abin da nake ɗauke da shi ba.

Ɗazu ta gan ni da biro, ta tambaya ko kai nake rubuta wa. Ta ce akwai saƙonta, in rubuta yadda ta faɗa kar in canza komai. Ga shi:

Baba, kada ka sa damuwa a ranka. Shawararka daidai ce, bai zame ba. Ba laifinka ba ne.

Ta sa na karanta mata don ta tabbata na rubuta. Wannan kaɗai na karanta mata a cikin takardar.

Ka dawo, Bernard. Za ta tambaye ka, ni kuma ina tsaye a wurin.

Matarka,
Martina.