Gilashi Bai San Yatsuna Ba

Ajingi, ranar Litinin.

Zuwa ga 'yata Haulat,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar jikata Ummu Salma. Mu nan sai godiya, gyaɗa ta fara fure.

Direba ya kawo min tabulet ɗin da kika aiko, Allah ya yi miki albarka. Gaskiyarki ce, ba ta shan man janareta, kuma maƙwabcina mai sayar da taki da irinta yake duk harkarsa, daga nan har Gafasa. Na ji kuma kin gama magana da Kamalu na garin Balan, zai zo ranar kasuwa ya ɗauki tsohuwar kwamfutar shagona. Wannan gaggawa taki, marigayiya mahaifiyarki sak.

Jiya bayan azahar na ɗora tabulet ɗin a cinya, gyangyaɗi ya ɗauke ni. Sai ga ni a bakin wani tafki mai sanyi, ina taɓa ruwan da yatsa ina neman haruffa, su kuwa suna sulalewa ƙasa kamar 'yan kifi. Na farka ina dariya, amma raina bai yi daɗi ba.

Ki gaida mutanen gida.

Mahaifinki,
Zubair.

Ajingi, ranar Laraba.

Haulat 'yata,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Ummu Salma da haƙoran da take fitarwa? Allah ya sawwaƙe.

Waccan wasiƙar kewaye-kewaye na yi miki. Tun damunar bara wani farin hayaƙi ya sauka a idona, kullum yana ƙara kauri. Masu kawo aiki, na katin biki ko na neman gurbin karatu, sai in tsokane su in ce rubutunsu kamar tafiyar kaza, su karanta min da baki. Su yi dariya su karanta, ni kuma in buga. Ba wanda ya gane.

A kan kibod ɗin kwamfutata akwai wasu 'yan ƙuraje biyu a layin tsakiya. Da na ɗora yatsuna manuniya biyu a kansu na san inda kowane harafi yake kwana, kamar yadda nake zuwa masallaci ba sai na dubi hanya ba. Wani lokaci ina bugawa sai in ji kamar shuka nake a gonarmu ta Gaya, mahaifiyarki na biye da ni tana rufe ramuka. Tabulet kuwa na shafa ta sama da ƙasa, sumul take, ba ta ba ni wurin kamawa ba. An yi ta ne don masu ido.

Tsoro nake ji, Haulat. Idan Kamalu ya ɗauke kwamfutar nan, a ranar zan zama makaho a garin nan. Ki kira shi ki ba shi haƙuri. Sannan ki zo ki kai ni asibitin ido a Kano, na daina gardama. In an wanke min idon, na yi alkawari zan zauna ki koya min abin naki.

Wasiƙar nan ban ga ko harafi ɗaya a cikinta ba. Ki taho da ita ki karanta min, in ji ko yatsuna sun faɗa miki daidai.

Allah ya sada mu da alheri.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Zubair.