Lambar da Na Ƙi Mayarwa Bakwai

Litinin, 3 ga Maris
Na koma ofis. Kowa ya yi min gaisuwar rasuwa, na amsa. Oga ya ba ni ƙaramin aiki, wai kada a gajiyar da ni: yadda lokaci zai riƙa fitowa a ƙasan kowane saƙo a manhajarmu. Kwamfuta ba ta san jiya ba, doguwar lambar daƙiƙoƙi take ajiyewa. Ni zan rubuta layukan da za su mai da ita "ɗazu", "jiya", "kwana uku da suka wuce". In saƙo ya kai kwana bakwai, sai ya koma kwanan wata kawai.

Talata, 4 ga Maris
Na buɗe manhajar gwaji. Saƙon ƙanena Auta ne a sama. Na manta ni na sa shi ya turo min wani abu daga wayarsa don in gwada, ana gobe zai rasu. "Yaya, ya shigo? In ya shigo kin ci bashin lemo."
Ya wuce kwana bakwai. Da na kunna, da kwanan wata zai fito. Na goge 7 na sa 14.

Alhamis, 6 ga Maris
Ban ji komai a raina ba yau ma. Na ci abinci dai.

Litinin, 10 ga Maris
Na mai da shi 30. Muddin allon yana cewa "da suka wuce", kamar Auta ya fita ne bai dawo ba. Na san shirme ne.
A gida har yanzu na mutum uku nake dafawa. Mama tana gani, sai ta rufe sauran ta sa a firij.

Laraba, 19 ga Maris
Dogo, mai gwada mana aiki, ya tsaya a kaina da kofin shayinsa. Wai wa zai zauna yana lissafin "kwana ashirin da huɗu da suka wuce", ko malaman lissafi muke yi wa manhajar? Ya sunkuyo zai nuna min, ya karanta saƙon. Ya ce, "Bari, zan ce wa oga ban duba ba tukuna."
Da ma faɗa ya yi min.

Juma'a, 21 ga Maris
Oga da kansa. Ranar Litinin za a saki manhajar, 7 yake son gani. Na ce to.

Litinin, 24 ga Maris
Na sa 7. Yatsa ɗaya ne, ban san me na zata zai faru ba.
"23 ga Fabrairu, 4:12 na yamma."
Na daɗe ina kallo. Ƙarfe huɗun nan Auta yana kwance a doguwar kujera, ƙafafunsa a kan matashin da Mama ta hana, yana min dariya wai aikina danna-danna ne. Duk kwanakin nan da nake ƙirga ban tuna wannan ba. Na shiga banɗaki na ɗan jima. Dogo ya bar min lemo a tebur.

Talata, 25 ga Maris
Abincin bai yi saura ba yau. Mama ta leƙa tukunya, ta dube ni. Na ce mata hannuna ne ya kuskure wajen awo.