Yaya Garba, ka fito a kai ƙafarka asibiti

Daga Birnin Kudu, zuwa ga yayana Garba, a duk inda wannan takarda ta same shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ƙane yake yi wa wansa, ina tambayar jikinka, ina gai da Yaya Hansatu da yara. Allah Ya sa ta same ka da sauƙi, amin.

Na san ba ka karatun boko, saboda haka wani ne yake karanta maka, kuma na san akwai mutane a zagaye sun kasa kunne. To, su ji. Na kwafe takardar nan da hannuna na rarraba wa direbobin hanyar Gwaram, na roƙe su a karanta ta a kasuwa da ƙofar masallaci, domin ban san inda kake ba. Ni na ɓoye ka, kuma na iya ɓoyon har ni kaina na kasa samunka.

Ka yi haƙuri in ɗauko maganar daga tushe, saboda masu sauraro.

Ka tuna lokacin da kamfanin kwalta ya sauka a garinmu, ya buɗe wurin fasa dutse a bayan gari. Kuɗin mai ya shigo ƙasa, kowa yana neman inda zai tara hannu. Ni na je na yi layi, tunda na yi firamare na iya rubuta sunana, aka ba ni kati mai lamba, aka ce na zama lebura. Kwana tara na yi. Hannuna ya ɗuri ruwa, tiredata tana rufe a kasuwa, masu sayen sabulu da ashana suna komawa wurin maƙwabci. Kai kuwa ka gama girbi, kana zaune.

Sai muka yi abin da muka saba. Tun rasuwar Baba gonarmu ɗaya, rumbunmu ɗaya, wanda hannunsa yake sake shi yake ɗaukar fartanya. Muka ɗauki aikin kamfani kamar gandu. Na miƙa maka katin, da safe in an kira Isiyaku ka amsa. Ba mu kaɗai ba ne. Mutanen Wurno da na Yalwan Damai akwai gidan da kati ɗaya yake zagaya 'yan'uwa uku. Heluma, wanda yake kula da leburori, ya san kowa da fuskarsa, da hannunsa yake miƙa maka albashi. Cewa yake yi shi hannuwa yake so su cika, ba sunaye ba.

Haka muka tafi har bazarar nan, ranar da dutse ya kuɓuce wajen lodin tifa ya sauka a ƙwaurinka na dama.

Aka aiko mini kasuwa. Na same ka a kwance a ƙasa, ƙashi ya huda fata ya leƙo, ka cije haɓar rigarka ba ka ko nishi. Motar kamfani tana tsaye a gefe, direbanta a ciki. Yaya, wannan motar nake gani duk lokacin da na rufe ido. Ko taku ashirin babu tsakaninka da ita.

Heluma ya ja ni bayan injin fasa dutse, ya rage murya. Ya ce in injiniya ya iso ya tarar wanda ya ji ciwo ba shi ne mai sunan ba, to zamba ce, 'yan sanda za a kira, ni a ɗaure ni, kai a kore ka da ƙafarka a haka. Ya ce shi don mutuncin gidanmu zai kau da kai na ɗan lokaci. Ni Isiyaku, wanda daga tsallaken kasuwa nake gane buhun gyaɗar da aka yayyafa wa ruwa, ban yi masa tambaya ko ɗaya ba. Har godiya na yi masa.

Na ɗauko hayar a-kori-kura, muka shimfiɗa ka a baya, muka kai ka Zandam wurin maɗori, dangin matarka. Duk ramin da motar ta faɗa sai ka damƙe hannuna. Abin da ka faɗa a hanya ke nan, sau ɗaya: "In dai ba za su taɓa ka ba, ƙafa ai tana warkewa."

Washegari na je na shaida wa akawun kamfani cewa Isiyaku ya bar aiki, zai koma kasuwa. Na fito ina jin kaina. Na ce wa Yaya Hansatu duk wanda ya zo nemanka a ce ba a san inda kake ba, in kuma magana ta yi zafi a ɗauke ka a kai ka ruga wurin kawunnanta, kada a faɗa wa kowa, ko da ni ne na zo da kaina, domin ana iya tasa ni a gaba. Ka ji irin tsarin da na yi. Ban bar ƙofa ko ɗaya ba.

Zuwana na ƙarshe wurinka, tun daga zaure na ji warin. Maɗorin bai ɓoye mini ba, Allah Ya saka masa. Ya ce shi ƙashi yake haɗawa, amma wannan miki na sama ya fi ƙarfinsa. Na zaro kafso irin wanda nake sayarwa a tireda na ba shi, na ce a ƙara haƙuri ƙura ta lafa. Kai kuma kana ta tambayata ko an yi shuka a gonar fadama.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ran kasuwar da ta wuce ta sama, wani mutumin Wurno, Malam Ɗanjuma, ya tsaya sayen sabulu. Ka san shi, dogon nan da yake zuba dutse a bakin inji. Ya miƙo hannu na ga babu yatsu biyu, an ɗinke wurin tsaf, ya warke fes. Na san da katin kawunsa yake aiki, sai na matsa na tambaye shi a hankali yadda ya yi ya tsallake gidan yari. Ya dube ni kamar na zare. Ya ce wane gidan yari? Shi a gaban injiniya inji ya kama shi, ya suma, babu wanda ya sami damar ɓoye shi. A motar kamfanin nan aka kai shi asibiti. Kamfani ya ɗauki nauyin magani, ana ba iyalinsa wani abu duk tsawon kwanciyarsa, ma'aikacin ofishin leba, wato na gwamnati mai kula da haƙƙin leburori, ya zo har gadonsa ya rubuta sunansa na gaskiya, kuma ana maganar diyyar yatsun.

Wallahi Yaya, ina tsaye riƙe da sabulun har sai da ya zare shi daga hannuna.

Ban yarda ba. Na ce wataƙila sa'a ya taka. Na rufe tireda na hau mota sai Kano, na yi ta tambaya har na sami ofishin leban. Ma'aikacin wani dattijo ne mai tabarau, ba ya gaggawa. Na fara masa irin tawa, wai wani abokina ne ya ara wa wani kati, wai ina tambaya ne kawai don sani. Ya bar ni na gama kewaye-kewayena, sannan ya ce, "Malam, wanka ne ko ƙanenka?"

Sai na zauna sosai na faɗa masa komai.

Ya ce tun zamanin Turawa akwai dokar diyyar lebura, kuma ana ta gyara ta ana ƙara mata ƙarfi. Ya ce duk wanda ya ji ciwo a bakin aiki, wajibi ne kamfani ya kai shi asibiti, ya biya magani, ya kuma kawo musu rahoto. Ya ce su abin da suke bi shi ne wa yake ɗaukar dutsen, a ƙarƙashin wa, wa yake biyansa. Tunda heluma ya san ka, ya sa ka aiki, ya biya ka hannu da hannu, to akwai hujja mai ƙarfi cewa kai ma'aikacinsu ne. Na tambaye shi to me ya sa heluma ya ce in ɗauke ka. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce duk rahoton rauni yana jawo bincike, bincike kuma a kan littafin heluma yake fara sauka.

Ka ji, Yaya. Ba ni aka rufa wa asiri ba. An sa ni na ɗauke masa kai daga gabansa, da kuɗin motata, ina godiya.

Akwai wa'adi. Doka ta yanke lokacin da za a kawo kuka bayan an ji ciwo. Na faɗa masa ranar, ya lissafa, ya ce kada a kuskura a gama girbin gero likita bai gan ka ba. Gero kuwa ka san ya riga ya fitar da kai.

Na tambayi tawa makomar. Bai yi mini daɗin baki ba. Ya ce sai na rubuta cewa ni na ba da katina kuma na yi wa akawu ƙarya, kuma ba zai yi mini alkawarin ba za a kai ni gaban alƙali ba. Na rubuta, na sa hannu, takardar tana cikin durowarsa. Saboda haka ka saurara da kyau: abin da kake kwance a ɗakin mutane kana karewa, na riga na faɗe shi da bakina. Ɓuyanka ba ya tsare ni daga komai yanzu. Ƙafarka kawai yake ci.

Daga Kano ban tsaya gida ba, na zarce Zandam. Na tarar an ɗauke ka. Wani ya ga baƙuwar mota a gari, aka ɗauka nemanka ake yi. Baffan Yaya Hansatu ya dube ni ido cikin ido ya ce bai san inda kake ba. Na rantse, na roƙa, na yi bayani, ya ce ai ni ma na faɗa za a iya tasa ni a gaba. Maganata ya mayar mini, bai rage ko harafi ba. Na bi ruga uku. Ko'ina a shimfiɗa mini tabarma, a kawo nono, a ce Allah Ya sa a dace. A ta biyun na ga zanen da ya yi kama da na matarka a kan shanya. Ina jin kana cikin bukkar nan kana jin muryata, ka yi shiru don kana zaton taimakona kake yi.

Na je asibitin garinmu na kwatanta wa malamin asibiti yadda na bar mikin. Ya ajiye biro ya tambaye ni wata nawa. Da na faɗa masa, ya ce in wurin ya fara baƙi yana hawa sama, to in an yi jinkiri ba maganar ƙafa za a yi ba kuma.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce Allah ne Ya kawo, kuma gidanmu ba a cin kuɗin jini. Ban musa ba. Ka bar maganar diyya, in ka warke mu zauna mu yi ta gardama har damina ta zagayo, in ka ce ba ka so a bar musu. Amma magani ba diyya ba ne, haƙƙinka ne, da gumin jikinka ka saye shi.

Yayana, lokacin da aka zo neman yaro ɗaya daga kowane gida don makaranta, kai ka ce wa Baba a tura ni, kai za ka riƙe gona. Da damina in rafi ya kawo, a wuyanka kake tsallakar da ni don kada wandon makarantata ya jiƙe, ka koma ka ɗauki garma. Inna, Allah Ya ji ƙanta, takan ce, "Garba yana yi, Isiyaku yana faɗa." Muna dariya. Yau ba na dariya. Bokon da ka saya mini da bayanka, da shi na karɓi katin nan, kuma bai sa na yi tambaya ɗaya a ranar da take da amfani ba.

In kana shakkar ko tilasta ni aka yi na rubuta wannan, ga abin da babu ɗan sandan da ya sani. Bunsurun Inna da ya ɓace shekarar da na shiga aji uku, wanda Baba ya zane ka a kansa har ka kwana biyu ba ka zauna ba, ni na kai shi kasuwa na sayar. Ka gan ni ina jan sa ta bayan danga. Ba ka taɓa faɗa ba, ban taɓa ba ka haƙuri ba. Wancan duka ne, ya wuce. Wannan kada ka ɗaukar mini shi.

Ku kuma da kuke riƙe da shi, na gode, kun cika amana fiye da yadda na cancanta. Na warware abin da na ce. Duk wanda ya nuna mini ƙofar bai ci amanar kowa ba.

Ina tashar Gwaram daga yau, tiredata a rufe, mota tana tsaye da katifa a bayanta. Ba sai ka yi mini magana ba. In ba ka son ganina, a aiko a kira direban, ni zan tsaya a bakin hanya ku wuce.

Allah Ya tsayar da ciwon nan inda yake. Allah Ya sa takardar nan ta riga shi isa. Allah Ya tashe ka a kan ƙafafunka biyu, in kuwa Ya ƙaddara ɗaya ce, Ya bar mana kai. Allah Ya ji ƙan Inna da Baba, Ya yafe mini, Ya sa kai ma wata rana ka iya.

Naka, ƙanenka mai laifi,
Isiyaku mai tireda