Zagayen Fiji Bayan Takaba

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni nas ce a Birmingham, a unguwar Ladywood nake. Maigidana ya rasu bara, Allah Ya jiƙansa. Mutum ne mai son tuƙi kamar me, kuma ya daɗe yana min surutun wani tsibiri a Fiji, wai hanya ɗaya ce ta zagaye shi ta bakin teku, ka hayi mota ka bi ta har ka dawo inda ka fara. Ni kuwa dariya nake masa, in ce Bakano da bai iya iyo ba me ya haɗa shi da teku. Amma mun tsara komai, garuruwan da za mu kwana, har masallacin da za mu yi Juma'a ya nemo.

Da na fita takaba, shirun flat ɗin nan ya ishe ni, sai na shiga koyon mota, da girmana. Na faɗi test, na sake, na ci. A Fiji ma hannun hagu suke bi kamar nan, na ce to zan je in yi zagayen nan.

'Yata tana jami'a a Manchester, ta ce in je, amma karatu ba zai bar ta ta raka ni ba. Ƙawayena kuwa tambayarsu ɗaya, wa na sani a can, biki ne ko gaisuwa. Na kira Yayana da ke unguwar Gorton a can Manchester, ya yi faɗa sosai, ya ce mace ba muharrami ta tafi ƙarshen duniya, me dangin mijina za su ce. Daga baya ya sauko, ya ce zai ɗauki hutu ya kai ni. Na san don Allah ya yi. Amma na san Yaya, ba zai zauna mace tana jan sa ba, shi zai karɓi makulli, ya yi ta waya da abokansa har mu dawo.

Wallahi kaɗaici na damuna, ban iya cin abinci ni kaɗai ba har yau. In bi Yaya in zauna a gefe, ko in saɓa masa in tafi? Kuma ku da kuka taɓa tafiya ku kaɗai, idan kun ga abu mai kyau a hanya, wa kuke ce wa ya kalla?