Injin Baba da Ka Tayar a Tsakar Gida

Zuwa ga ƙanena Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Allah Ya rufa asiri, Ya sa albarka a garejinka. Mu nan mun gode Allah, ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana taka ta. Iyakar labari mai daɗi ke nan, don raina a ɓace yake, kuma kai ne sanadi. Na zaɓi takarda ne saboda na san halinka, da a waya ne ina soma magana za ka ce ba ka ji na sosai.

Washegarin tafiyarka Baba ya ɗauki mutum goma sha ɗaya a kwalekwalensa mai inji zai haye kogi da su. Suna kaiwa tsakiyar ruwa, ɗan ruwan nan da inji ke tsartarwa ta gefe, wanda 'yan jirgi ke kira fitsari, ya ɗauke cak. Salansa ta ɗau zafi, fenti ya fara ƙauri, tururi ya taso, inji ya mutu. Baba ya kai hannu kan murfi, tafinsa ya saɓule. Da wannan hannun ya ja filafili, ruwa na jan su zuwa ƙafar gada, mata na salati, har Allah Ya kawo wani masunci ya jefa musu igiya. Ba a rasa rai ba, amma kafin la'asar magana ta cika mashigi cewa tsoho ya soma mantuwa, bai duba mai ba ya ɗebi rayukan mutane. Shugaban 'yan jirgi ya dakatar da shi, ya ce ranar Asabar ta sama za a zauna a yanke ko zai sake riƙe inji. Shekara arba'in da ɗaya yana haye ruwan nan, ko akuya bai taɓa jiƙawa ba.

Ni ban yarda da zancen mantuwa ba, don haka na sa aka kai injin rumfar Dogo mai gyara, na ja benci na zauna, na ce ba inda za ni sai na ga abin da ya kashe shi. Ya duba mai, ga shi nan daidai. Ya duba 'yan ramukan da inji ke shan ruwa a ƙafarsa ko leda ko ciyawa ta toshe, fes suke. Ya zura siririyar waya a ramin fitsarin ko yashi ne, babu komai. Sai ya kwance ƙafar gaba ɗaya, ya fito da 'yar fankar robar nan mai tura ruwa sama. Injiniya, da ka gan ta! Fukafukai shida gare ta, biyu suka rage, su ma sun ƙone sun ƙanƙance kamar tsohon silifa a murhu. Sauran guntayen sai da ya yi ta tsintar su a hanyar ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce robar nan ruwa ne rayuwarta, minti ɗaya ta juya a bushe ta gama aiki, sannan ya tambaye ni wane ne ya tayar da injin a tudu.

Nan take na gane, don a gabana aka tayar da shi. Kai ne ka ce injin Baba na tari, ka sa aka ɗauko shi gida, ka rataye shi a turken tsakar gida, ka wanke filogi, ka ja igiya. Ka yi ta ba shi wuta har kaji suka watse, kana cewa mu ji yadda inji ke kuka idan ya shiga hannun masu shi. Baba ya ce a kawo duro a cika da ruwa a tsoma ƙafar tukuna, ka yi dariya ka ce injin tirela ma ka kwance balle wannan ɗan tsako. Ni ma da bakina na ce Baba ya bar yaro ya yi aikinsa, kuma wannan kalma tana ci na har yau. Mota tana yawo da ruwanta a ciki, shi kuwa wannan daga kogi yake sha. Ba ka sani ba, ba laifi, amma an gaya maka ka ƙi ji.

Abin da ya fi ƙona min rai, Baba ya sani tun a tsakiyar ruwa. Da na kai masa robar a tafin hannuna, ko kallon kirki bai yi mata ba. Ya ce in jefar, kada in kuskura in kai wa shugaba, wai ba zai tsaya gaban mutane ya ce ɗansa da ake kira Injiniya bai san inji ba. Ya gwammace a ce shi ne ya tsufa. To ni ban jefar ba, tana ƙulle a bakin zanena. Amma in na kai ta ni kaɗai, za a ce 'ya ce ke kare ubanta. Bakinka ake buƙata. Ka kira shugaba kafin Asabar, ko ka zo da ƙafarka, ka faɗi abin da ka yi ba tare da kwana-kwana ba.

Dogo ya sa sabuwar roba, ya gwada a duro, fitsarin na fita da ƙarfi. Inji ya warke. Baba kuwa kullum da sassafe sai ya yi shiri ya tafi mashigi, ya zauna a kan kifaffen kwalekwale da ƙonannen hannunsa a naɗe, yana kallon wasu na ɗaukar fasinjojinsa. Jiya wata tsohuwa da ya shekara talatin yana haye ruwa da ita ta gaishe shi, ta wuce ta shiga jirgin wani.

Inna da Gwaggo da maigidana suna gaishe ku. Ka gaida mai ɗakinka, ka shafa min kan yara. Baba ma ya ce in gaishe ka, in kuma gaya maka injin ya daina tari, Allah Ya yi maka albarka.

Ni ce yayarka, wadda ta goye ka.