Guga Bakwai na Fatimatu

Zuwa ga malamina, marigayi Mushe Idi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ɗalibarka ce Rabi ta lakwal ɗin Kalfu, makarantar bokon nan da muke kiran malamai Mushe, Rabi mai saurin kuka. Shekara tara ke nan ina riƙe da alli, kuma akwai abin da nake son sani.

Wa ya koya maka tsayawa kan allon da aka yi kuskure? In ka ba mu lissafi muka ɗaga alluna, sai ka wuce masu daidai, ka durƙusa gaban wanda ya ɓata ka ce, "Ta wace hanya ka biyo?" Wallahi na tsani tambayar nan. Na ɗauka tozarci ne. Ranar da ta zo kaina ban amsa ba, hawaye na yi ta sharewa da gyale.

Bana aka tura ni wani ƙauye arewa da Tebaram. A ajina akwai Fatimatu, Buzuwa, ba ta cika magana ba. Sifili take kwasa a lissafi, har babanta ya aiko cewa in ta faɗi jarrabawar ƙarshen shekara zai cire ta, ta koma jan ruwa. Ni kuwa, ka san halina, faɗa kawai nake mata.

Ran nan na ba su: guga na cin lita goma, kwamin shayar da dabbobi na cin hamsin, guga nawa za a ja? Duk aji suka rubuta biyar. Fatimatu bakwai. Na buɗe baki zan yi tsawa, sai na ji tambayarka ta fito a maimakonta.

Da Hausarta mai tsinkewa ta bayyana mini cewa rijiyarsu na da zurfi, gugan fata kuma yana yoyo, kafin ya iso baki ya zubar da wani abu. Kullum bakwai take ja kafin kwamin ya cika. Mushe, kunya ta kama ni. Wata shida ina ba yarinyar nan sifili, ashe ta fi littafin sanin rijiya.

Na fahimtar da ita cewa gugan littafi ba ya yoyo. Ta yi dariya, karon farko da na ga haƙoranta. Ta ci jarrabawar da ƙyar, amma ta ci, kuma baban ya bar ta.

Shi ya sa nake ta tunani: yara nawa ka tsamo haka ba mu sani ba? Ni me ka hango a allona?

Ban amsa maka ba a waccan ranar. Da yau za ka sake tambayata ta wace hanya na biyo, da na ce ta ajinka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa yaran nan su zame maka sadaka mai gudana. Amin.

Ɗalibarka har gobe,
Rabi