An Tare Ni a Filin Jirgin Bamako

Kumba 'yata,

Ina gaishe ki da maigidanki. Yaya jikin, yaya sanyin Faransa?

Ni ubanki sarkin wayo na yi sallama da ƙauye har da yanka rago, sai ma'aikacin filin jirgi ya ce daɗewata a gida ta kashe katin zamana na can. Na ce, "Ɗana, a sharar titinsu ƙuruciyata ta ƙare." Ya ce, "Baba, ai sun sake tsintsiya."

Lafiyata lau, layin ofishin jakadanci ne dai ya cinye gwiwoyina. Tambayar min lauya ko katin yana farfaɗowa.

In kin haihu ban iso ba, ki kara wa jaririn waya a kunne in yi masa huɗuba. Ɗaukarsa a hannu kuwa, yana bina bashi. Zan biya, ko ina dogara sanda.

Ubanki,
Silman